Matsaya

Babana Lambros ya tuƙa bas shekara talatin da ɗaya
a garin Patra, daga bakin teku zuwa asibitin kan tudu,
ya hau, ya sauko, ya sake hawa.
Akwai kalmar da ta fi sunansa shiga kunnensa:
stasi.
Mu a nan, stasi ita ce matsayar bas,
ɗan allon ƙarfe da benci mai tsatsa.
Tsohuwa ta buga sanda daga baya, "Stasi, direba!"
sai ya taka birki sannu-sannu
don kada ƙwan da ke kwandonta ya ji a jikinsa.

Bana ƙafafunsa suka kumbura
kamar kwaɓin burodi da ya kwana a rufe.
Safa ta bar masa zobe a fata.
In na danna yatsa, ramin ya zauna yana kallona.

Ranar Talata na kai shi wurin likita Evanthia.
Ta shafa masa wani mai mai sanyi, ta ɗora na'ura,
muka ji sauti kamar iska a ƙarƙashin ƙofa.
Ta ce, "Stasi ce."
Baba ya waiga, sai ka ce an kira shi daga kujerar baya.
Ya ce, "Ta wace unguwa?"

Da ta gama dariya ta juya takardar magani,
ta zana jijiya, a ciki ƙananan ƙyamare
masu buɗewa sama kawai.
Ta ce gangara ba ta yi wa jini wuya,
komowa gida ce aikin.
Ƙyamarenka sun saki, sai ya taru a idon sawu,
ba gaba ba baya.
Hanya ba ta toshe ba, tafiyar ce ta yi sanyi.
Haka muke kiran ruwan matsarmama in ya kwanta,
da fitsarin da ya zauna ya ƙi fita,
da abincin da hanji ya gaji da turawa.

Baba ya daɗe yana duban zanen.
Ya ce, "Wato fasinja sun cika matsaya, bas bai zo ba."
Ta ce, "Da haka za a rubuta a littafi, da mun huta."

A hanyar gida na yi ta juya kalmar a baki.
Ita malamarmu kan faɗa in ta ce mu miƙe baya.
Ita direbobi suka kira awa ukun nan
da suka kashe injin a shekarar da aka rage albashi.
A tsofaffin littattafai kuwa, gari ne ya rabu biyu,
kowa ya kafe inda yake, wuƙa a hannu.

Abin da ban faɗa wa likita ba:
tun da Inna Marigo ta rasu
agogon kicin yana kan huɗu saura kwata,
rigar ruwanta na rataye bayan ƙofa,
shi kuma yana baranda, daga shayin safe har fitilun jiragen ruwa.
Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi,
to Baba ya fi kifi taurin kai.

Magani: safa mai matsewa, filo biyu ƙarƙashin diddige,
da tafiya.
Ta ce sha-raɓa zuciya ce ta biyu,
amma ba ta bugawa sai an taka ƙasa.

Yanzu da hantsi yakan bi tsohuwar hanyarsa a ƙafa.
Jiya ya kai matsaya ta huɗu, gaban mai sayar da zaitun.
Ya zauna ya numfasa.
Bas ya zo, wani yaro a sitiyari ya buɗe masa ƙofa.
Baba ya ɗaga hannu, ya ce, "Wuce, ɗana,
birkin nan naka ya yi zafi."
Sannan ya dafa gwiwa, ya miƙe,
ya nufi ta biyar.